Matashi ya kusa fitowa daga gidan yari: tambayoyi da amsoshi ga iyaye da masu jagorantarsa

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin iyaye, yayye, limamai, masu unguwanni da masu sana'a idan wani matashi ya kusa gama wa'adinsa. Amsoshin sun shafi Arewacin Najeriya, musamman samari 'yan shekara 18 zuwa 30.

Yaushe ya kamata a fara shirin karɓarsa?

Tun yana ciki, aƙalla wata uku kafin ranar fita. Gidaje da yawa sai an bugo waya an ce ga shi a bakin ƙofa sannan ake fara tunanin inda zai kwana, kuma cikin wannan ruɗani ne tsofaffin abokai suke riga kowa isa gare shi. Abu huɗu ake so a gama tun da wuri: ɗakin da zai kwana, wanda zai je ɗauko shi, mutum ɗaya da zai riƙe jagorancinsa, da wurin da zai riƙa zuwa kowace safiya tun daga makon farko.

Wanda zai zama jagora ya fara kai ziyara tun yanzu, ko da sau biyu a wata ne. Ya nemi jami'in walwala na gidan, ya tambayi sana'ar da yaron ya koya a ciki da ko ya zauna wata jarrabawa. Matashi ba ya manta wanda ya zo duba shi lokacin da kowa ya ɗauke ƙafa, kuma maganar wannan mutumin ce zai fi saurara bayan ya fito.

Ta yaya za mu san ainihin ranar da zai fito?

Idan an yanke masa hukunci, ofishin rekod na gidan yarin yana da ranar a rubuce. Wanda aka ɗaure sama da wata ɗaya ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adin muddin bai yi laifi a ciki ba, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Ɗaurin shekara 3 yakan ƙare a kusan shekara 2. A duba takardar hukuncin ko alƙali ya ce a fara ƙirga daga ranar da aka tsare shi, domin hakan na iya rage watanni da dama. Idan akwai tara ko diyya a cikin hukuncin, a tambaya ko rashin biya zai riƙe shi.

Mai jiran shari'a ba shi da rana, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne. Irinsu sukan fito bagatatan: Babban Jojin jiha ya kai ziyarar rage cunkoso, ko a samu beli, ko kotu ta kori ƙarar. Haka ma waɗanda aka yanke wa hukunci, gwamna na iya yi musu afuwa a lokacin Salla ko 1 ga Oktoba, ko wani mai hali ya biya musu tara a watan azumi. A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta sanar da biya wa fursunoni 4,068 tara domin a sake su, aka ba kowane naira 10,000 kuɗin mota. Don haka a bar lambar waya mai aiki a wurin jami'in walwala, kuma shirin da aka ambata a amsar farko ya zama a kammale ko ba a san rana ba.

An sake shi. Shari'ar ta ƙare ke nan?

Ya danganta da irin sakin, kuma nan ne ake yawan yin kuskure mai tsada. Wanda ya gama wa'adi ko aka yi masa afuwa, tasa ta ƙare. Wanda kotu ta wanke, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da shi kan laifin nan. Wanda aka kori ƙararsa saboda masu gabatar da ƙara ba sa zuwa, ana iya sake shigar da ita. Wanda ya fito a beli kuwa shari'arsa tana nan daram: idan ya tsallake ranar zama za a ba da sammacin kama shi, wanda ya tsaya masa kuma ya shiga matsala da kuɗin da ya sa wa hannu.

A je wurin magatakardar kotu a nemi kwafin hukunci ko umarnin saki mai hatimi. A yi kwafi uku: ɗaya a gida, ɗaya wurin jagora, ɗaya a ɗauki hotonsa a waya. Amfaninsa zai fito a tambayar da ta shafi 'yan sanda da 'yan sintiri. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid, hukumar ba da tallafin lauya, na jiharsa, aikinsu kyauta ne.

Me za a yi a ranar fitowa da makon farko?

Mutum biyu su je, wani babba daga gida da jagora, da kaya masu tsabta da takalmi. A wuce gida kai tsaye. Ya yi wanka, ya yi aski, ya ci abinci mai sauƙi, domin cikin da ya daɗe a kan gabza da wake marar mai ba ya ɗaukar nama da maiƙo farat ɗaya. Kayan da ya fito da su a zuba su a tafasasshen ruwa a shanya a rana saboda kuɗin cizo da ƙwarƙwata.

Kada a tara jama'a. Taron barka da arziki yana jawo har waɗanda ake gudu, kuma yana sa shi ya ji kamar an zo kallonsa. Dattawan gida kaɗan sun isa. A kwanakin farko za ku ga yana firgita idan an buga ƙofa, ko ya kasa barci a ɗaki shi kaɗai bayan ya saba da kwana cikin mutum hamsin, ko ya ɓoye abinci, ko ya tsaya jiran izini kafin ya fita tsakar gida. Wannan sabo ne da zaman ciki, yakan ragu cikin makonni. A daina tambayarsa labarin ciki sai in shi ya kawo.

Wane ne ya dace ya zama jagoransa? Ba mahaifinsa ne ya fi cancanta ba?

Mahaifi yana da nasa matsayin, amma yana ɗauke da fushi da kunyar abin da ya faru, wataƙila har gona ya sayar a kan shari'ar. Zama tsakaninsu yakan koma faɗa, yaron ya sunkuyar da kai yana "to Baba" alhali babu abin da ya shiga. An fi samun nasara da kawu, ko wani malamin Islamiyya, ko mai sana'a a unguwa wanda ya girme shi da shekara goma ko fiye, yana da abin yi, kuma ana iya zuwa wurinsa da ƙafa. Tsohon fursunan da ya yi shekaru da shiryuwa yakan iya aikin sosai, domin ba a yi masa ƙarya cikin sauƙi.

A tambayi yaron ko ya yarda da mutumin. Jagoran da aka ƙaƙaba masa sai ya ɗauke shi ɗan leƙen asirin gida. A guji mutum iri uku: ɗan siyasar da ke tara yara don jagaliya, mai neman ɗan aikin da ba zai biya ba, da mai surutu a majalisa. Kuma mutum ɗaya kada ya riƙe matasa fiye da biyu a lokaci guda.

Mene ne aikin jagoran a zahiri?

A watan farko su haɗu sau biyu a mako, rana da lokaci tsayayyu, misali Talata bayan la'asar da Juma'a bayan an sauko. Wata na biyu da na uku sau ɗaya a mako, daga nan sau biyu a wata har shekara ta cika. Zama na rabin awa ya isa. A duba abu ɗaya da aka ce za a yi a makon da ya wuce, a tsayar da abu ɗaya na mako mai zuwa. Raka shi asibiti ko ofishin NIMC na yin katin ɗan ƙasa ya fi doguwar nasiha amfani, kuma a kan hanya ne yakan buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa.

Tun zaman farko jagora ya faɗi iyakarsa a fili: "Abin da ka gaya mini yana nan tsakaninmu, sai abu uku: in ka ɗauki makami, in ka yi niyyar cutar da wani, ko in ka yi niyyar cutar da kanka. Waɗannan zan faɗa wa Baba, kuma kai zan fara gaya wa kafin in je." Kada jagora ya zama mai ba da rance. Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, yaron zai riƙa zuwa ranar da yake da buƙata, ya riƙa ɓuya ranar da ake binsa. Kuma kada jagora ya yi alkawarin da bai tabbata ba. Cewa "zan samo maka aiki" sannan a ji shiru yana rushe amanar wata uku.

Unguwarsu zai koma ko a canza masa gari?

Idan laifin ya shafi daba, ƙwacen waya, sara-suka ko faɗan unguwa da unguwa, komawa layin da ya bari haɗari ne ta fuska biyu: abokai na jiransa, abokan gaba ma na jiransa. Malamai kan kawo hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda aka ce masa ya bar garinsa ya koma wurin mutanen kirki, kuma hikimar a bayyane take. Wata shida zuwa shekara a wurin kawu a wani gari na iya raba shi da tsohuwar majalisa.

Sai dai canza gari yana aiki ne kawai in akwai babban da ya san gaskiyar lamarin kuma ya yarda, da sana'ar da ke jiransa. Tura shi Legas ko Abuja da kuɗin mota kawai, a ce ya je ya nema, jefar da shi ne. Idan ya tafi, jagoranci ya koma hannun wani a can, na gida ya riƙa bugo waya duk mako.

Waɗanne cututtuka za a duba?

A kai shi asibiti cikin makon farko ko bai ce yana ciwo ba. Cunkoso da rashin iska suna yaɗa tarin tibi: tari na mako biyu ko fiye, zufar dare, rama da zazzaɓin yamma alamunsa ne. Gwajin majina da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ana shan maganin wata shida cur. In ya fara sha a ciki, a karɓo katinsa daga asibitin gidan yarin a ci gaba ba tare da tsallake rana ba, domin yankewa ne ke haifar da tibi mai bijire wa magani. A yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. Ƙazuwa kuma ana shafa maganinta daga wuya zuwa tafin ƙafa, tare da duk wanda suke kwana shimfiɗa ɗaya.

Idan rashin barci, yawan shiru, saurin fushi ko maganar "gara in mutu" suka wuce makonni, a kai shi ɓangaren masu taɓin hankali da damuwa. Akwai asibitoci na musamman a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen.

Yana shaye-shaye kafin a kama shi. Ai zaman ciki ya raba shi da su?

Ba lallai ba. Kuma akwai haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba: jikin da ya yi watanni bai sha tramol ko kodin ba ya daina jure adadin da ya saba. In ya fito ya afa irin na da, numfashi na iya tsayawa ko ya kama farfaɗiya, musamman in ya haɗa da roci, wato ƙwayar sa barci. Makonni biyun farko bayan fita su ne mafi haɗari. Jagora ya gaya masa wannan ɓaro-ɓaro, a matsayin maganar tsira da rai, ko da yaron ya rantse ya daina.

In ya koma sha, asibitocin da aka ambata a amsar da ta gabata suna da shirin raba mutum da ƙwaya, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Wanda ya daɗe a kan roci ko ire-irensa kada a yanke masa lokaci guda ba tare da likita ba. Kada a kai shi gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Wanda ya fito daga kulle aka sake kulle shi, da ƙiyayyar iyayensa yake dawowa.

Waɗanne takardu yake buƙata?

Lambar NIN ce farko, domin sai da ita ake rajistar layin waya, kuma bankuna na nemanta. In yana da ita a da, ba a sake yin wata, a je a ciro ta. Tsohon layinsa mai yiwuwa kamfani ya rufe shi ya sayar wa wani, don haka a je banki a cire tsohuwar lambar daga BVN ɗinsa kafin a fara tura masa kuɗi. Sabon layi ma alheri ne, ya rage masu nemansa. A watannin farko ƙaramar waya ta kira ta wadatar.

Jari za a ba shi ko sana'a za a sa shi?

Kada a damƙa masa dunƙulen kuɗi a watanni ukun farko. Yana da bashi, yana da masu cewa "ka fito, a yi mana alheri," kuma ya daɗe bai juya kuɗi ba. Hanyar da ta fi tsayawa ita ce a sa shi ƙarƙashin ubangida: walda, kafinta, ɗinki, kanikanci, gyaran sola, aikin fanfo, irin wuraren da ke cike a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. A zauna da ubangidan gaban shaidu a tsayar da lokacin zuwa da tashi, kuɗin abinci da na mota na kullum, da tsawon lokacin kafin a yaye shi. Kuɗin abincin nan shi ne ginshiƙi. Yaron da ya wuni a gareji da yunwa ba zai kai mako uku ba, don haka in ubangida ba zai iya ba, dangi su haɗa su riƙa bayarwa ta hannunsa.

In lokacin jari ya yi, a sayi kayan aikin da kansu, keken ɗinki ko injin aski ko akwatin sifana, a ajiye rasit a wurin jagora. Sana'o'i uku suna buƙatar taka-tsantsan. Sayar da tsofaffin wayoyi da harkar gwangwan suna iya jefa shi cikin karɓar kayan sata, laifin da Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, ta tanadar wa ɗauri, kuma mai tsohon tabo shi ake fara zargi. Adaidaita sahu kuma matsin balas na kullum da dogon wuni suna tura direbobi da yawa ga ƙwaya.

In ya yi jarrabawar NECO, NABTEB ko gwajin sana'a a ciki, a bi sawun sakamakon kafin ya ɓace. Wanda ya fara karatu da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke koyar da fursunoni kyauta, ya riƙe lambar rajistarsa ya je cibiyarta mafi kusa.

A gaya wa ubangidan cewa ya yi zaman gidan yari?

A gaya masa. A unguwanninmu labari ba ya ɓuya, kuma in ya ji daga bakin wani, ranar zai kore shi. Jagora ya je tare da yaron, a faɗa a taƙaice: abin da ya faru, hukuncin da ya yi, da wanda ya tsaya masa yanzu. Sauran yaran shago ba dole su sani ba. A roƙi ubangida kada ya ɗora shi a kan aljihun kuɗi da farko, don kare shi daga zargi ranar da lissafi bai cika ba.

Gwamnati tana da wani tanadi?

Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta ɗora mata alhakin koyar da sana'a da shirya fursuna komawa cikin jama'a. Sashe na 14 ya tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ɗa'a, ya kuma hana a nuna wa mai ita bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Hukumar tana da sashen kula da waɗanda suka fita, wanda kan raba kayan sana'a lokaci-lokaci. A tambayi jami'in walwala waɗannan biyun tun kafin fita, a kuma rubuta takardar nema zuwa ofishin Kwanturolan gidajen yari na jiha. Kayan ba sa isa kowa, kada a jingina shirin gida a kansu. A gwada neman tallafi a hukumar samar da aikin yi ta NDE da hukumomin zakka na jihohi kamar Kano da Sakkwato, da wasiƙar mai unguwa a hannu.

Ya sani kuma cewa aikin soja da na ɗan sanda ba sa ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Gara ya ji yanzu da ya kashe kuɗi a banza ko ya yi ƙarya a fom. Wanda aka tsare kawai ba a same shi da laifi ba, wannan bai shafe shi ba.

Wanda ya cuta fa, a je ba shi haƙuri?

A je, amma ba a makon farko ba, kuma ba shi kaɗai ba. Liman ko mai unguwa ya fara zuwa ya ji ko suna son a zo. In sun ce a'a, haƙƙinsu ne, kada a matsa musu da "ai ya riga ya yi zamansa." In sun yarda, a je da babba, yaron ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da kame-kame ba. In akwai dukiyar da za a mayar, a rubuta adadi da yadda za a biya kaɗan-kaɗan daga abin da yake samu. A laifin fyaɗe ko cin zarafin yara, kada ya kusanci wanda aka cuta ko gidansu, kuma kada a sa shi aikin da zai keɓe da yara.

Duk abin da ya ɓace a unguwa shi ake kamawa. Yaya za a yi?

A riga matsalar. Cikin makonni biyun farko, uba da jagora su kai shi wurin mai unguwa da shugaban 'yan sintiri, su nuna takardar sakinsa, su faɗi inda yake aiki da lambar wanda za a kira. Ubangida ya ajiye ɗan littafin da yaron zai riƙa sa hannu da lokacin zuwa da tashi. Wannan littafi na iya zama shaidar da za ta fitar da shi ranar da aka ce an gan shi a wani wuri.

In an kama shi, jagora ya isa ofishin 'yan sanda a ranar. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, kuma doka ta hana kama wani a madadin wani. Kada ya sa hannu a bayanin da ba a karanta masa ba. In abin ya zama tsangwama, a kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Legal Aid.

Waɗanne alamu ke nuna yana neman komawa ruwa?

Makara a wurin aiki kwana biyu ko uku a jere, dawowa gida bayan sha ɗayan dare, sabuwar waya ko kuɗin da ba a san tushensu ba, barcin rana mai nauyi, da fara kauce wa jagora. Ta ƙarshen ta fi kowace muhimmanci. In ya tsallake zama biyu, jagora ya taka ya same shi a ranar, shi kaɗai, ya tambaye shi me ya faru kafin ya yi faɗa. Sau da yawa za a tarar an yi masa gori ne a shago, ko wani tsohon bashi ya taso, ko yarinyar da yake nema iyayenta sun ji labari. A koma haɗuwa sau biyu a mako kamar watan farko.

Yaushe aikin jagora yake ƙarewa?

Idan ya yi shekara a sana'a ɗaya, yana ciyar da kansa, yana zubin adashe ko ajiya a asusu, kuma yana da mutum biyu ko uku na kirki da yake shawara da su ban da jagoran. A sanar da shi wata biyu kafin a daina zaman da aka saba, a mayar masa da takardunsa da rasit ɗin kayan aikinsa, a bar masa ƙofa a buɗe. In jagora zai yi tafiya ko ya gaji kafin lokacin, ya gaya wa iyaye, ya haɗa yaron da wanda zai gaje shi, su yi zama biyu su uku kafin ya janye.